Dona Zuíta da Hannun da Ba Ya Jin Wuta

Kafin rana ta leƙo ta bayan itatuwan kwakwar babasu, Dona Zuíta, wato Uwargida Zuíta a yarenmu, ta riga ta kurɓe gahawarta a tsaye, ta zura shuɗiyar rigar aikinta wadda wanki ya koɗar, ta rataya jaka, ta turo kekenta waje. Keken nan ya girmi wasu matan aure a ƙauyenmu na Jenipapeiro, kuma kukansa ne agogonmu. Idan kogin Pindaré ya cika ya shanye hanya, sai ta jingine shi a gindin mangwaro ta shiga kwalekwale. Cikin jakar babu wani abin a zo a gani: abin awon hawan jini, ma'aunin jarirai, ƙullin auduga, biro, da 'yan kwalabe biyu, ɗaya ta ruwan ɗumi ɗaya ta ruwan sanyi. Da waɗannan ta yi shekara talatin da ɗoriya tana zaga gidajenmu a matsayin ma'aikaciyar lafiyar ƙauye. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa ni Filomena, mai tuyar kifi a bakin mashigi, na ce sai na faɗi abin da na gani tun tana raye tana jina.

Bari in fara da aibinta, kada a ce saye ni aka yi. Dona Zuíta ba ta iya gaisuwa ba. Idan ka miƙa mata hannu ba ta saki. Za ta juya tafin, ta leƙa tsakanin yatsu, ta bi da babban yatsanta har gwiwar hannu ta danna, idonta a kan girarka da fatar kunnenka, bakinta kuwa yana tambayar lafiyar kajinka. Mazan ƙauye sun daɗe suna tsokanarta a kan haka.

"Dona Zuíta, in aure kike so ki faɗa mana! Kin riƙe min hannu kamar muna gaban limamin coci."

"Wa zai auri mai fata kamar ɓawon rogo? Kawo ɗayan hannun."

Haka take. Murmushinta tsada, tambayarta ba ta ƙarewa. Idan kuwa ta tarar an rataye tatu a tsakar gida, dabbar nan mai sulke da mafarautanmu ke haƙowa daga rami, to ranar maigidan sai ya gwammace bai fita daji ba. Takan ce ƙwayar cutar da take farauta tana zama a jikin tatu kamar yadda take zama a jikin mutum, duk mai feɗe shi da hannu tsirara da yatsunsa yake wasa.

Cutar da take farauta, tsofaffinmu ba sa kiran sunanta. "Ciwon nan" suke cewa, su tofar da yawu gefe. Kuturta ce. Mahaifiyata ta ba ni labarin cewa Zuíta tana ƙaramar yarinya jirgin ruwan hukuma ya zo ya ɗauke mahaifinta zuwa zangon da ake killace masu ciwon a wancan zamani, aka cinna wa gidansu wuta da duk abin da ke ciki, har ragar lilon da yake kwana a ciki. Da ya dawo bayan shekaru, ita ke ɗaura masa cokali a dungun hannu da tsumma. Ba ta taɓa ba ni wannan labari da bakinta ba, ni ma ban taɓa tambayarta ba.

Wurin da ta fi yin aiki ba ɗakin shan magani ba ne, rumfar suyar garin rogo ta Seu Anacleto ce, wato Malam Anacleto. Ranar suya kowa na can. Mata na feraya, 'yan mata na gurza, maza na matse rogon, a tsakiya kuma ga makeken kaskon ƙarfe a kan murhun laka, faɗinsa ya isa mutum biyu su kwanta. Zafi kan sa maza su tuɓe riga, mata su saura da 'yar shimi. Sai Dona Zuíta ta zo ta zauna kan kututture da wuƙa a hannu kamar mai feraya, amma har a tashi ba ta gama rogo uku ba. Matan suka sa mata raguwa. Ba ragwanci ba ne, bayan mutane take karantawa. Ƙurar gari na tashi ta manne wa duk mai gumi, har kowa ya koma fari fat. Amma inda ƙwayar ta kashe jijiyar fata, wurin ba ya gumi, ƙura ba ta kama shi. Sai ka ga baya ya yi fari tas, da ɗan fili guda a share, kamar an kifa kwano an ɗauke. Mu in mun ga irinsa mukan ce ƙyasfi ne, mu shafa lemun tsami mu manta. Ita wannan filin take zaman jira.

A nan ta kama yayana Lourenço.

An haife shi ranar waliyyi Lourenço, wanda aka gasa a kan ƙarfe bai yi raki ba, shi ya sa kakarmu ta sa masa sunan. Ya tashi ya zama mai suyar da babu kamarsa a bakin kogin nan. Garinsa rawaya ne, tsaba-tsaba, in ka tauna har maƙwabci sai ya ji. Sai kuma wani abu ya ƙaru masa da girma ya zo: hannunsa na dama ya daina jin wuta. Yakan cusa shi cikin gari mai tururi ya damƙo, ya murza a hankali yana hira. Yakan ɗauko garwashi da yatsu ya kunna taba, ya mayar ba gaggawa. Nan take ƙauye ya yanke hukunci: waliyyin ne ya ba takwaransa baiwa. Masu sarin gari daga birni har tsayawa suke a yi musu wasan garwashin. Matarsa Creuza ta riƙa kunna wa waliyyin kyandir don godiya. In bororo ya fito masa a yatsa sai ya yi dariya ya ce wuta ce ta gaishe shi. Ƙauye guda muka taru muna yi wa cuta tafi.

Dona Zuíta ba ta yi tafi ba, ba ta kuma ce uffan a rumfa ba. Sai da la'asar ta jingine kekenta a ƙofar gidansa. Ina can na kai musu kifi.

"Seu Lourenço, tuɓe rigarka."

"A gaban matata? Dona Zuíta, ki ji tsoron Allah!"

"Na fi ta sanin bayan nan naka. Rufe ido. Duk inda ka ji na taɓa, ka ce nan."

Ya rufe ido yana murmushi. Ta shafa masa auduga a kafaɗa, ya ce nan. A wuya, ya ce nan. Ta sauko kan wani ɗan fili a ƙasan allon kafaɗarsa ta shafa, shiru. Ta ɗora kwalbar ruwan ɗumi, shiru. Ta sauya ta sanyi, shiru. Ta kamo hannun nan na baiwa ta danna bakin biro a kan ƙaramin yatsa har fatar ta lotsa. Yayana yana zaune ido rufe, murmushin na nan yadda yake.

"To ki ci gaba mana," in ji shi, "kin tsaya me? Ina da aiki."

Creuza ta toshe bakinta da hannu biyu. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye kwanon kifin.

Da ya buɗe ido ta gaya masa abin da take zato, ba kwana-kwana. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baiwar da Allah ya ba ni ita kike kira ciwon nan? A gidana?"

"Zauna, Seu Lourenço. Waliyyin naka ya ji wutar nan sarai, haƙuri ya yi. Kai ba haƙuri kake yi ba, ji ne ba ka yi."

Sai da ta yi sawu a gidan har kare ya daina yi mata haushi kafin ya yarda ya bi ta asibitin birni. Likita ya duba, aka ɗan kankari fatar kunnensa aka shafa a gilashi. Dona Zuíta ta roƙi matar da ke ɗakin gwaji ta bar shi ya leƙa madubin da ke ƙara girman abu, don ta san yayana ba ya yarda da abin da bai gani ba. Ya dawo yana ba mu labari da mamaki: wai 'yan jajayen sanduna ne birjik, wasu a ɗaure dami-dami kamar an kakkarya tsintsiya.

"Wannan ɗan abin?" ya ce mata a jirgin dawowa. "Wannan ne zai ci yatsun ƙato kamata?"

"Ba ita ke cin yatsa ba," in ji ta. "Malalaciyar ƙwaya ce, sai ta kusa mako biyu kafin ɗaya ta zama biyu, shi ya sa take shekaru a jiki ba a sani ba. Ba ta son zafi. Wurare masu sanyi take nema, kunne, hanci, yatsu, ta shige jijiya ta kwanta. Ita dai mai gadi take kashewa. Daga nan wuta da ƙaya da wuƙa su shigo su yi yadda suka ga dama, babu mai yi maka ihu."

Aka ɗora shi kan magani na shekara guda, kyauta. Sau ɗaya a wata zai haɗiye a gaban ma'aikaciyar lafiya, sauran kullum a gida. Ta gaya mana daga farkon shan maganin ya daina yaɗa ta, kuma dama ta numfashi take bi, bayan doguwar zama tare, ba ta kwano ko abinci ba. Duk da haka sai da ta tuɓe mu ɗaya bayan ɗaya ta duba, har ni da na rantse ba a gidan nake kwana ba.

Ba ta gaya wa kowa ba, wannan na shaida. Maganin ne ya tona asiri. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin maganin yana rina fata, yayana ya yi duhu-duhu ja-ja kamar tukunyar da ta daɗe a murhu, kuma a nan kowa ya san ma'anar wannan launi. Seu Anacleto, wanda shi ne uban baftismar 'yar Lourenço, ya tare shi a bakin rumfa yana murza hula.

"Ɗan'uwa, ka ɗan huta tukuna. Wallahi ba ni ba ne, masu sari ne. In suka ji, duk ƙauyen nan ba mai sayar da ko mudu guda."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutanen da jiya suke tafa masa, yau sun ɗauke 'ya'yansu daga ƙofar gidansa. Creuza ma, don tsoro, ta ɗaura jan zare a hannun kofinsa. Wata rana idonsa ya faɗa kan zaren nan. Ya watsar da maganin a saman rufi, ya ɗauki kwalekwalensa ya tafi zangon masunta a can cikin tafki. Saƙon da ya bar wa Dona Zuíta a bakina shi ne: da yana da hannu yana da suna, ta zo da maganinta ta raba shi da duka biyun.

Abin da ya tayar wa Dona Zuíta hankali shi ne kafin ya tafi ya fara kukan tsukar gwiwar hannu, kuma babban yatsa da manuni sun fara rasa ƙarfi. Ta ce in aka bar jijiyar nan ta mutu, hannun zai lanƙwashe, babu mai miƙe shi. Damina ce, ruwa ya cika ko'ina. Ta ɗauki jakarta ta shiga kwalekwale, ni ma na bi ta, ni dai niyyata in je in zage shi.

Muka tarar da shi yana ɗinkin koma. Ƙugiya ta yage masa gefen tafi, jini ya bushe a wurin, bai ma sani ba. Na fasa zagin da na taho da shi. Ita kuwa ta zauna ta kamo hannun ta hau wankewa kamar jiya suka rabu.

"Na zo da maganinka."

"Kai wa Anacleto ya sha."

"Gahawar nan da ke kan wuta ta ado ce? Zuba min."

"Kofi ɗaya gare ni."

"Ai baki ɗaya gare ni."

Ta shanye ta miƙa masa kofin. Sannan ta ɗaga hannunsa a tsakaninsu, ta ware ƙaramin yatsa da na kusa da shi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Seu Lourenço. Waɗannan biyun sun tafi, mun makara. A kan ukun nan muke faɗa. Da uku ana riƙe muciya."

"Wa zai ba ni muciyar?"

"Wannan aikina ne. Naka haɗiya."

Daga baya ya miƙo tafin hagu, ta zuba masa ƙwayoyin. Washegari ta kai shi wurin likita, aka ƙara masa maganin kumburin jijiya, aka ɗaure hannun ya huta.

Ke ce, Zuíta, kika ɗauki alkawarin da ba a cikin aikinki yake ba. Ba wanda ya ce ki mayar da mutum bakin kasko, an dai ce ki tabbatar ya sha magani. Amma kin san mutumin da aka raba da sana'arsa ba ya ganin dalilin warkewa. Kika kawo nas daga birni ta yi wa mutane bayani a rumfa. Kika tare masu sari a bakin mashigi, a gaban kaskon kifina, kika riƙa yi musu magana ɗaya bayan ɗaya har suka fara ɓoye miki. Seu Anacleto kuwa kullum sai kin je kin ɗaura masa abin awo a dantse, ko bai nema ba.

"Dona Zuíta, jinina lafiya lau yake, jiya ma kin auna!"

"Yau ba jininka nake aunawa ba, Seu Anacleto. Kunyarka nake nema, har yanzu allurar ba ta motsa ba."

Gaskiya ɗaya ce, ba naci kaɗai ya yi aiki ba. Wanda aka sa a madadin yayana ya ƙona gari buhu-buhu, masu sarin da aka ce su ake tsoro suka fara tambayar ina mai suyar da. Amma da ba ta riga ta sassauta zukata ba, da wani za a nemo daga wani ƙauye.

Ya koma bakin kasko da sharuɗɗanta. Safar hannu ta fata mai kauri. Muciya doguwa, wadda ta naɗe wa mariƙi da tsohuwar robar tayar kekenta. Ba sauran wasan garwashi. Kowace yamma Creuza za ta jiƙa masa hannu a ruwa, ta shafa man babasu, ta duba kowane yatsa, tunda idonta ne zai tsaya masa a madadin jin da ya rasa. Creuza ta kwance jan zaren nan da kanta.

Al'adarmu ce kaskon farko kowa ya ɗiba ya watsa a baki. Ranar da ya dawo, kaskon farko ya soyu, aka tsaya cirko-cirko ana kallon ƙasa. Dona Zuíta ta ajiye wuƙarta ta taso, ta damƙi garin da zafinsa ta watsa a baki, ya ƙona mata harshe har idonta ya kawo ruwa.

"Da saura," ta ce masa tana fifita baki. "Zaman tafki ya mayar da kai malalaci."

Creuza ta ɗiba, na ɗiba, sauran suka biyo. Seu Anacleto ne na ƙarshe, ya ɗibi kaɗan kamar mai ɗanɗana gishiri.

Ya gama shekararsa ta magani, launin ya fara washewa. Yatsu biyun nan sun ɗan lanƙwashe kamar yadda ta faɗa. Sauran ukun ba wanda ya san matsayinsu, don shi ba ya son a tambaya. Sai wata ranar suya, rana tsaka, ya zare safar don ya share gumi, babban yatsansa ya gogi bakin kasko.

"Wayyo! Uban wa ya hura wutar nan haka?"

Ya tsaya yana kallon yatsan, ya sa shi a baki, ya ciro ya sake kallo. Wuƙar Dona Zuíta ta faɗi ƙasa.

"Me ka ce?"

"Na ce da zafi," in ji shi. "Dona Zuíta, da zafi."

Ƙato guda ya zauna kan buhun gari ya fashe da kuka. Wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce, kaico, waliyyi ya janye baiwarsa. Yayana ya ɗago da hawaye da majina ya ce, "Ya riƙe abarsa, Inna, na yafe." Ranar na fara ganin haƙoran Dona Zuíta a waje, ashe har wushirya gare ta.

Na ba da labarin yayana ne don shi na gani da idona. Akwai gidaje da yawa a bakin kogin nan da ke da irinsa, waɗanda ba za su faɗa ba, ita ma ba za ta faɗa ba. Akwai 'yan matan da ta hango wa fili a baya tun bai kai faɗin kwabo ba, suka sha maganin wata shida, yau suna goye da 'ya'yansu ba wanda ya san an yi. Irin wannan aiki ba ya barin alama. In ya yi kyau, abin da za ka gani mutum ne da yatsunsa cif yana feraye rogo.

Mun gode, Zuíta mai ido a bayan jama'a. Mun gode da gaisuwarki marar daɗi. Mun kira ki raguwa, mun kira ki mai shisshigi, kin ji kin share, kin dawo washegari. Yarinyar da ta ɗaura wa mahaifinta cokali da tsumma ta tsufa ba ta bari an sake ɗaura wa wani a ƙauyenmu ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, in har kin iya hutawa, abin da nake shakka.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ba sai kun sayi shuɗiyar riga ba. Mutum ba ya ganin bayansa. Ku duba na mazanku da matanku da 'ya'yanku. In kun ga filin da ba ya gumi, ko hannun da ba ya jin wuta, kada ku tafa, kada kuma ku ɗaura jan zare. Ku kama hannun ku kai shi inda magani yake.

Ranar Asabar da ta wuce muka yi mata 'yar walimar sallama a rumfar gari, da kifi da shinkafa da garin kaskon farko. Da za ta tafi, Lourenço ya zare safarsa ya miƙa mata hannu. Ta kama, ta juya tafin kamar kullum, ta duba, ta saki. Shi ne bai saki ba. Ya riƙe ta da yatsun nan uku, ya daɗe, har mutane suka fara shewa.

"Seu Lourenço, in aure kake so ka faɗa," in ji ta.

Bai yi dariya ba.

"Dona Zuíta," ya ce, "ashe hannunki sanyi gare shi."